Yadda Ake Gano Jigo Ta Hanyar Bin Dangantakar Taurari

Yawancin masu fara nazarin adabi, idan aka tambaye su jigon wani littafi, da kalma ɗaya suke amsawa: soyayya, ko zalunci, ko haƙuri, ko jarumtaka. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta kai mai karatu ko'ina ba, domin littattafan da suka yi magana a kan soyayya ba su ƙirguwa, kuma kowannensu da abin da yake faɗa game da ita. Aikin mai nazari shi ne ya gano abin da wannan littafi da ke hannunsa yake cewa, kuma ba a bangon littafi ko a gabatarwar marubuci ake tsintar hakan ba. Ana samunsa ne a tsakanin mutanen da ke cikin labarin, wato a cikin abin da uba ya yi wa ɗansa, da abin da mata ta ɓoye wa mijinta, da ranar da aboki ya juya wa abokinsa baya. Saboda haka hanyar da zan shimfiɗa a nan ta kan dangantakar taurari, wato mutanen cikin labari, take bi kafin ta isa ga jigo, kuma tana aiki a ƙagaggen labari da gajeren labari da wasan kwaikwayo, har ma da rubutacciyar waƙa, wadda mutane da yawa suke zaton babu taurari a cikinta.

Mataki na farko: karatu sau biyu

Ka fara karanta aikin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da alƙalami a hannu ba, ka bar shi ya yi maka abin da aka rubuta shi ya yi, ya ba ka dariya ko tausayi ko haushi. Idan ka gama, ka rubuta abin da ya faru cikin jimloli kaɗan, sa'an nan ka duba ko jimlolin suna haɗe da juna da kalmomin dalili irin su "saboda" da "shi ya sa", ko kuwa "sai kuma" kawai ke haɗa su. Marubucin Ingila E. M. Forster ya fayyace wannan bambanci a 1927, inda ya nuna cewa mutuwar sarki sa'an nan mutuwar matarsa jerin aukuwa ne kawai, amma idan aka ce baƙin cikin rashinsa ne ya kashe ta, to an sami zubin labari. Ka lura da cewa abin da ya mayar da jerin ya zama zubi dangantaka ce tsakanin mutum biyu. A karatu na biyu ne za ka ɗauki alƙalami, kana yin alama a duk wurin da taurari biyu suka haɗu, musamman inda suka yi saɓani ko ɗayansu ya nemi wani abu a wurin ɗayan.

Mataki na biyu: zana taswirar taurari

Ka samu takarda mai faɗi ka rubuta sunan babban tauraro a tsakiya, ka kewaye shi da sunayen sauran, ka ja layi daga kowane suna zuwa waɗanda yake hulɗa da su. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a rubuta "uba da ɗa" ko "miji da mata" a kan layin a wuce, alhali wannan sunan dangantakar ne kawai, bai faɗi yadda take ba. A kan kowane layi ka amsa tambayoyi huɗu. Me wannan yake so a wurin wancan? Wane ne yake da iko a kan ɗan'uwansa, kuma daga ina ikon ya fito, daga shekaru ne, ko dukiya, ko sarauta, ko ilimi? Wa ake bi bashi, na kuɗi ko na alheri ko na jini? Wa ya san wani abu da ɗayan bai sani ba? Tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa da ita, kuma sau da yawa ita ce take riƙe da labarin gaba ɗaya, domin asirin da ke tsakanin mutum biyu yana canza ma'anar kowace magana da suka yi wa juna.

Akwai masanan da suka yi ƙoƙarin rarraba taurari gwargwadon aikin da suke yi. Vladimir Propp na Rasha, a nazarin da ya buga a 1928 kan tatsuniyoyin ƙasarsa, ya fitar da matsayi bakwai da suka haɗa da gwarzo da mugu da mataimaki da mai aikawa da gwarzon ƙarya. Wannan rabo yana da amfani ga labaran tafiya da neman wani abu, amma kada ka tilasta wa kowane littafi shiga cikinsa, domin a labaran da suka yi zurfi mutum ɗaya yakan zama mataimaki da safe ya zama cikas da yamma.

Mataki na uku: nemo dangantakar da labarin ya rataya a kanta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Cikin dukkan layukan da ka ja, akwai ɗaya ko biyu waɗanda idan ka goge su labarin zai rushe. Hanyar gwaji ita ce ka ɗauki kowane layi ka tambayi kanka: da a ce waɗannan mutum biyu ba su taɓa haɗuwa ba, shin ƙarshen labarin zai kasance yadda yake? Inda amsar ta zama a'a, to ka kama bakin zaren.

Littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, misali ne da ke nuna yadda wannan gwaji yake kai mutum inda bai zata ba. Mai karatu na gaggawa zai ce jigonsa zuwan Turawa ne da rushewar al'adar Ibo, kuma ya ja layi mafi kauri tsakanin Okonkwo, babban tauraron littafin, da Turawan. Amma Turawa ba su shigo labarin sosai ba sai bayan an ci fiye da rabinsa, kuma kafin su iso an riga an nuna mana duk abin da zai karya Okonkwo. Layin da ya fi kowane nauyi shi ne wanda ya haɗa shi da mahaifinsa Unoka, mutumin da ya mutu da tarin bashi, ba shi da ko muƙami ɗaya na girmamawa, wanda abin da ya fi iyawa shi ne busa sarewa. Unoka ya rasu tun kafin labarin ya kankama, duk da haka shi ke juya ɗansa, domin tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa shi ne yake tura Okonkwo ga kowane mataki da ya ɗauka. Daga nan ka koyi cewa tauraron da ba ya nan, ko ya mutu ko ya yi tafiya, yana iya zama mafi ƙarfi a taswirarka.

Yanzu ka bi wannan tsoro ka ga inda ya sauka. An kawo yaro Ikemefuna daga wani gari a matsayin diyya, ya yi shekara uku a gidan Okonkwo har yana kiransa baba, ya kuma zama kamar yaya ga Nwoye, ɗan Okonkwo na fari. Da aka yanke hukuncin kashe yaron, dattijo Ezeudu ya zo ya gargaɗi Okonkwo da kada ya sa hannunsa a ciki, tunda yaron uba ya ɗauke shi. Okonkwo ya bi tawagar, kuma a lokacin da yaron ya rugo wurinsa neman ceto, shi da kansa ya sare shi, don gudun kada a ce ya yi rauni. Wannan sara guda ta yanke layi biyu a lokaci ɗaya, na Ikemefuna da kuma na Nwoye, wanda tun daga ranar zuciyarsa ta bar gidan ubansa, har daga baya ya bi masu wa'azin Kirista. Idan ka jera Unoka da Okonkwo da Nwoye, za ka ga mutumin da ya guji ubansa ya haifi ɗan da ya guje shi. A ganina wannan shi ne abin da ya sa littafin ya fi ƙarfin a kira shi labarin mulkin mallaka kawai: baƙin sun tarar da tsaga a bango, kuma marubucin ya nuna mana tsagar a cikin gida ɗaya kafin ya nuna ta a cikin gari.

Mataki na huɗu: bin sauyin dangantakar

Dangantakar da ba ta motsa ba daga farko zuwa ƙarshe ba ta cika ɗaukar jigo ba. Ka zaɓi wurare uku a kan babban layinka, wato haɗuwar farko, da wurin da al'amari ya juya, da rabuwar ƙarshe, ka rubuta a kowanne wane ne yake sama, wane ne yake roƙo, da yadda suke kiran juna. Sauyin sunan kira hujja ce mai ƙarfi, domin idan wanda ya saba cewa "ranka ya daɗe" ya koma kiran mutum da sunansa tsirara, ko wadda take cewa "yaya" ta koma cewa "kai", an gaya maka abin da shafi guda na bayani ba zai gaya maka ba. Tun zamanin Girkawa Aristotal ya ambaci abubuwa biyu da ya ɗauka su ne ƙashin bayan wasan ban-tausayi, wato juyewar al'amari zuwa akasin abin da aka zata, da kuma ganewa, inda tauraro yake fita daga jahilci ya san gaskiyar wanda ke gabansa. Duka biyun a tsakanin mutane suke faruwa.

Ba a labaran baƙin ciki kaɗai ake samun wannan ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tafiyar Alhaji Imam ta neman ruwan magani ita ce ta buɗe labarin, amma abin da yake riƙe mai karatu shi ne karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, inda kowa yake haɗa wa ɗan'uwansa tarko gari bayan gari, yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama, har suka gane ashe 'yan'uwa ne. Wanda ya tsaya a kan neman ruwan kaɗai zai ce jigon juriya ne, amma wanda ya bi layin Alhaji da Zurƙe zai ga cewa littafin yana da abin faɗa game da wayo da ramuwa da inda suke ƙarewa.

Mataki na biyar: duba taurarin gefe

Marubuci yakan ajiye wani ƙaramin tauraro kusa da babban, ya sa shi cikin irin halin da babban yake ciki, sa'an nan ya sa ya zaɓi wata hanya dabam. Obierika, aminin Okonkwo, ɗan gari ɗaya ne da shi, yana girmama dokokin da yake girmamawa, amma ya ƙi bin masu kashe Ikemefuna, ya kuma gaya wa abokinsa cewa abin da ya yi ba daidai ba ne. Kasancewarsa a littafin ta toshe wa mai karatu ƙofar cewa al'ada ce kaɗai ta tilasta wa Okonkwo. Duk inda ka ga irin wannan mutum, ka tambayi kanka wane uzuri ne zamansa ya hana ka bai wa babban tauraro.

Mataki na shida: la'akari da nau'in rubutun

Matakan da suka gabata sun fi sauƙi a ƙagaggen labari, domin akwai fili, kuma akwai mai ba da labari da yake shiga zukatan taurari. Abin lura ɗaya a nan shi ne cewa idan wani daga cikin taurarin ne yake ba da labarin da bakinsa, to duk abin da ya faɗa game da sauran shaidar ɓangare ɗaya ce, sai ka auna ta da abin da suka aikata a gabanka.

A wasan kwaikwayo babu mai yi maka bayani, sai magana da motsi. Ka lura da wanda yake yawan magana da wanda ake katsewa, da wanda yake shigowa ya tarar da hira ta mutu, da ɗan bayanin da marubuci yake sakawa game da tsayuwa ko durƙuso ko fita a fusace. Ka kwatanta abin da tauraro yake faɗa a gaban jama'a da abin da yake faɗa idan ya rage shi kaɗai a dandamali. A wasan Antigone na Sofokilis, wanda aka yi a Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Kiriyon ya hana a binne Folinaisis saboda ya yaƙi garinsu, ita kuwa Antigone, 'yar'uwar mamacin, ta ƙi bin umarnin. Idan ka tsaya a kan su biyun kawai, za ka ce karo ne tsakanin dokar sarki da haƙƙin jini. Amma ka ƙirga waɗanda suka zo wa Kiriyon da shawara ya kore su: ɗansa Haimon, wanda shi ne zai auri Antigone, da makahon masani Tayiresiyas. Bai sauko ba sai da lokaci ya ƙure, ya rasa ɗansa da matarsa a rana ɗaya. Jerin waɗannan haɗuwa ne yake nuna cewa wasan yana magana kuma a kan mai mulkin da ya toshe kunnensa.

A gajeren labari taurari kaɗan ne, sau da yawa biyu ko uku, kuma komai yana tafiya ne zuwa ga juyi guda, saboda haka babu jimlar da za ka ɗauka ta banza. A labarin sarƙar wuya da Guy de Maupassant na Faransa ya buga a 1884, Matilda, matar wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ta ari sarƙa a wurin ƙawarta mai arziki don zuwa wani biki, ta ɓatar da ita, ita da mijinta suka ci bashi suka sayi irinta a kan faran 36,000 na kuɗin Faransa, suka shafe shekara goma suna biya, sai daga baya ƙawar ta gaya mata cewa ta asalin jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba. Ka koma ga tambayar nan ta wa ya san abin da wani bai sani ba. Kowace daga cikin matan biyu ta ɓoye wa ɗayar abu guda, kuma da Matilda ta iya buɗe baki ta ce sarƙa ta ɓata, da wahalar ba ta auku ba. Abin da ya rufe mata baki, wato jin kunyar talaucinta a gaban ƙawarta, shi ne jigon, ba sarƙar ba.

Waƙa kuwa tana da taurari aƙalla biyu ko da ba a ambaci suna ba: mai magana da wanda ake yi wa maganar. Ka fara da bin wakilan suna baiti bayan baiti, ka ga inda "ni" yake, da inda "kai" ko "ke" yake, da inda mawaƙi ya koma cewa "mu" ko "su". A waƙoƙin wa'azi, akwai bambanci babba tsakanin mawaƙin da yake cewa "ku tuba" da wanda yake cewa "mu tuba", domin na farko ya tsaya a kan mumbari ne, na biyu kuwa yana cikin sahu. A rubutattun waƙoƙin Hausa da yawa mawaƙi yakan faɗi manufarsa ƙarara bayan ya gama yabon buɗewa, abin da manazarta suke kira furucin jigo, kuma wannan sauƙi ne gare ka, amma kada ka tsaya a nan, sai ka bi baitocin ka ga ko sun cika alkawarin ko sun karkata zuwa wani wuri. Akwai kuma waƙoƙin da mai maganar ba mawaƙin ba ne ko kaɗan, kamar waƙar mawaƙin Ingila Robert Browning ta 1842 inda wani basarake yake nuna wa baƙonsa hoton matarsa da ta rasu, yana ƙorafin yawan fara'arta ga kowa, har mai karatu ya fahimci cewa shi ne ya sa aka kawar da ita.

Mataki na bakwai: furta jigon cikin cikakkiyar jimla

Yanzu ka koma ga kalmar nan ɗaya da ka fara da ita, ka mayar da ita jimla mai aikatau. Maimakon "tsoro", ka ce: mutumin da ya gina rayuwarsa a kan tsoron kama da ubansa yana iya rusa gidan da yake ƙoƙarin ɗaukakawa. Jimlar kada ta ƙunshi sunan kowane tauraro, amma dole kowane ɓangare nata ya kasance kana iya nuna shi da yatsa a cikin littafin. Sa'an nan ka gwada ta da abubuwa biyu. Na farko shi ne ƙarshen aikin, domin jigon da bai iya bayyana dalilin da ya sa aka rufe labarin yadda aka rufe shi ba, da sauran gyara. Na biyu shi ne wurin da ya fi ba ka wahala, wato babin ko fitowar da kake jin ba ta dace da fassararka ba. Kada ka tsallake ta, domin galibi a nan ne za ka gane cewa jimlarka ta yi faɗi da yawa ko ta yi ƙunci. Sauran layukan taswirarka su ne za su ba ka ƙananan jigogi, kuma kowanne sai ka nuna yadda yake tallafa wa babban ko yake ja da shi, ba ka jera su kamar kayan da ba su san juna ba.

Mataki na takwas: rubuta nazarin

Ka buɗe da jimlar jigon, ka biyo da dangantakar da ta fi ɗaukarsa, ka bi ta wurare ukun da ka zaɓa a mataki na huɗu, kowane wuri da hujjarsa: shafi da magana a labari, kashi da fitowa a wasa, lambar baiti a waƙa. Wannan shi ne warwarar jigo, kuma ya bambanta da sake ba da labari, wanda shi ne ramin da ɗalibai suka fi faɗawa. Ka ɗauka cewa mai karanta nazarinka ya riga ya san abin da ya faru, abin da yake jira daga gare ka shi ne dalilin da ya sa hakan yake da muhimmanci. Duk sakin layin da ya fara da "sai kuma" ya ƙare da "sai kuma" ba tare da ka ce komai naka ba, ka soke shi.

Ka kiyaye kuma da ɗora wa marubuci maganar tauraronsa, domin sanya kalma a bakin mugu ba yarda da ita ba ne, kuma matsayin marubuci yana bayyana ne a abin da ya bari ya sami wanda ya faɗe ta. Haka nan ka guji yanke wa taurari hukuncin nagari da mugu tun kafin ka gama fahimtar abin da ya tura su, domin mai nazarin da ya yi gaggawar tsine wa Okonkwo ko Kiriyon zai rasa dalilin da ya sa faɗuwarsu take ba mu tausayi. Idan akwai wata fassarar da hujja take goyon bayanta ban da taka, ka kawo ta da adalci, ka nuna shafin ko baitin da ta dogara a kansa, sa'an nan ka faɗi abin da ya sa kake ganin taka ta fi rungumar aikin gaba ɗayansa.